Kafin Ku Ɓamɓare Dandamalin Tsofaffin Sojojin Dalma, Ku Dakata

Malam Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da masu karatu da yawa za su ga kamar bai taka kara ya karya ba, amma wanda ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Al'amarin shi ne yadda wasu matasanmu a nan birnin Kano suka fara mallakar tsofaffin 'yan sojojin dalma na wasan dabarun yaƙi, wasu ta hanyar saye a intanet, wasu ta tsintuwa a cikin kayan gwanjo, sannan suke lalata su da hannunsu wajen ƙoƙarin sauya musu abin da suke tsaye a kai. Ni tsohon malamin tarihi ne, na yi shekara 35 ina riƙe da alli kafin in ajiye aiki, kuma tun ina yaro nake tare da irin waɗannan sojoji, saboda haka abin da zan faɗa wani na gani da idona, wani kuma sai da na yi asara na koye shi.

Ga wanda bai taɓa ganinsu ba, 'yan mutum-mutumi ne na sojan ƙasa da mahaya dawaki da 'yan igwa, waɗanda ake zubawa da dalma gauraye da kuza, ko kuma da roba, ƙananansu ba su fi gaɓar yatsa ba, manyansu kuma sukan kai milimita 54. Ana jera su a kan tebur ana tafiyar da su bisa rubutattun ƙa'idoji, ana auna kowane taku da rula, kamar dai dara ce da aka faɗaɗa har ta ɗauki tudu da kwari da kogi. Asalin abin horon hafsoshi ne, domin a 1824 ne wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyan sojan Furusiya, a ƙasar Jamus ta yau, wasan da ake yi a kan taswira da 'yan guntaye masu launin ja da shuɗi. Daga baya kamfanin William Britain na Landan ya fara zuba sojojin dalma masu rami a ciki a 1893, marubucin nan H. G. Wells kuma ya wallafa ƙa'idojin wasa da su a 1913, daga nan abin ya shiga gidajen jama'a. Na san akwai masu tambaya game da hukuncin ajiye mutum-mutumi, wannan kuwa hurumin malamanmu ne. Abin da ni zan iya shaida shi ne babu kuɗi babu caca a cikin wasan, kuma na yi shekaru ina amfani da shi wajen nuna wa ɗalibai yadda ake jera 'yan lifida da 'yan baka da dakaru a fagen fama.

Kowane soja, ko gungun sojoji uku ko huɗu, yana tsaye ne a kan wani ɗan faifai na kwali ko katako ko roba ko ƙarfe, wanda zan riƙa kira dandamali a cikin wannan wasiƙa. Aikinsa ya wuce hana soja faɗuwa. Shi ake kamawa a ɗaga sojan don kada gumin yatsu ya cinye fentin jikinsa, kuma a cikin wasan shi ne ma'auni, domin daga gefensa ake auna nisa, faɗinsa ke nuna yawan filin da runduna ta tare, kuma sai dandamali ya taɓa dandamali ake cewa an yi arangama. Saboda haka kowace ƙa'idar wasa tana da girman da ta tsayar. Ƙa'idojin da ake kira DBA, waɗanda suka fito a Ingila a 1990, kuma waɗanda a cikin jerin rundunoninsu har akwai ta Sudan ta Yamma da ta ƙunshi Mali da Songhai da Borno da ƙasashen Hausa, suna son faɗin milimita 40 ga kowane gungu na sojoji masu tsayin milimita 15. Kamfanin Games Workshop kuwa, wanda aka kafa a Landan a 1975, ya fito da wasansa na almara mai suna Warhammer a 1983, kuma shekaru da dama sojan ƙasa a wannan wasa yana tsaye a kan dandamali mai kusurwa huɗu na milimita 20. A 2015 kamfanin ya rufe wancan wasa ya kawo Age of Sigmar mai dandamali zagayayye, mutane suka duƙufa suna ɓamɓare na dā suna sa sabo; a 2024 kuma ya dawo da tsohon salon da sunan The Old World, dandamali ya koma mai kusurwa huɗu, amma wannan karon na milimita 25. Wanda ya bi kowane sauyi, ke nan cikin ƙasa da shekara goma ya tumɓuke sojansa sau biyu, alhali dalmar da ke idon sawun sojan ba ta ƙaruwa, kowane tumɓuka rage mata ƙarfi yake yi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne bayan ƙaramar sallar da ta wuce. Ɗan maƙwabcina, ɗalibin jami'a mai hankali da ladabi, ya yi mini sallama da la'asar riƙe da wata robar man shanu, ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah duba mini, ko akwai dabarar da za a yi." Da na buɗe sai na ga sojoji arba'in na ƙarfe da ya tara kuɗi ya sayo daga wani mai sayarwa a Ingila, sha ɗaya daga cikinsu sun karye daidai idon sawu, ƙafafun sun tsaya a jikin tsohon dandamali, gangar jikin ta rabu da su. Ya ce ya kama jikin sojan ne da filaya, ya riƙe dandamalin da ɗaya hannun, ya murɗa. Bakin filayar ya bar zane a bayan kowane soja, fentin da wani bawan Allah ya zauna ya shafa da haƙuri shekaru kusan arba'in da suka wuce ya kwaile. Waɗanda ba su karye ba kuma ya yanke musu ɗan harshen ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙafafunsu. Na ce, "Ɗana, ina guntayen da ka yanke?" Ya ce, "Baba, ai na zubar, na ɗauka datti ne." Tare muka je muka zazzage kwandon sharar ɗakinsa a kan jarida, muka tsinto guda bakwai, na ba shi madubin ƙara girma na ce ya karanta. A jikin kowane harshe akwai rubutu, gefe ɗaya sunan sojan, ɗaya gefen alamar kamfani da shekarar da aka ƙera shi, wasu 1985, wasu 1987. Yaron ya yi shiru na tsawon lokaci, don ya gane cewa garin neman gira ya rasa ido.

Wannan harshe kamfanin Citadel, reshen Games Workshop, ya fara yi wa sojojinsa a tsakiyar shekarun 1980, ana cusa shi cikin wata tsaga da ke jikin dandamalin roba, kuma shi ne takardar haihuwar sojan. Tsofaffin sojojin Britain kuwa dandamalinsu tare aka zuba shi da jikinsu, a ƙarƙashinsa ake samun sunan kamfani, na farkon ƙarni na 20 ma har da kwanan wata, kuma masana sukan bambanta na farko-farko da na baya ta siffar dandamalin, domin na farko ya yi kama da ƙwai, na baya mai kusurwa huɗu ne. Wanda ya sa zarto ya yanke wannan, ya goge shaidar da ba ta dawowa, darajar sojan ta faɗi a wajen masu tarawa, kuma mai zuwa bayansa ba shi da abin da zai dogara da shi ya san abin da ke hannunsa.

Akwai kuma shaidar da ba kamfani ne ya buga ta ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, akawu ne a wani kamfanin sayen gyaɗa a zamanin da dalar gyaɗa ke tsaye a Kano, kuma da Baturen da yake aiki a ƙarƙashinsa zai koma gida sai ya bar masa gwangwanin biskit cike da sojojin 'ya'yansa. A cikinsu akwai wani mai jar riga da doguwar baƙar hula wanda dandamalinsa ya tsage, ba ya iya tsayawa. Mahaifina ya ɗauko kwabo mai huji na 1959, mai tauraro a tsakiya, ya shafa masa gam ya ɗora sojan a kai. Yau gam ɗin ya zama ruwan ƙasa kamar busasshen ƙaro, ya ɗan malalo ta gefe ɗaya inda babban yatsansa ya danna, kuma idan ka juya sojan ka leƙa ta hujin kwabon za ka hango haruffa biyu na sunan kamfanin. Wannan kwabo ya daina zama kuɗi tun da naira ta maye gurbin fam da sule a 1973, amma a wurina ya fi duk wani dandamali da zan iya saya, kuma duk wanda ya ce in cire shi don ya dace da wata ƙa'idar wasa, zan ce masa ya yi haƙuri. A ƙarƙashin wasu tsofaffin dandamalin kwali na ga sunan runduna da lambar soja da aka rubuta da biro, na ga wanda aka yanka daga kwalin hatsin karin kumallo har ana iya karanta rubutun talla a jikinsa. Duk wannan tarihin hannun da abin ya ratsa ne.

Saboda haka shawarata ta farko ga matasa ita ce su tambayi kansu ko cirewar ma ta zama dole. Mafi yawan lokaci ba ta zama ba. Idan sabuwar ƙa'ida tana son dandamali mafi faɗi, ana iya yanka wani faffaɗa a yi masa gurbi daidai girman tsohon, a zura sojan da dandamalinsa a ciki kamar yadda ake zura ƙafa a takalmi, idan an gama wasa a zare shi. Ana iya kuma yin tire guda mai gurabe da tazarar da ake so, ya ɗauki runduna gaba ɗaya. Kowane kafinta da ke da siririn filawud zai iya yanka wannan idan aka ba shi awo a rubuce, masu injin yanka da hasken lesa da ke yin allunan suna kuma sun fi kowa iya fitar da shi daidai. Idan kuma wasan tsakanin abokai ne a zaure, babu abin da ya hana su yarda a kan girman da ke hannunsu, muddin ɓangarorin biyu iri ɗaya suke amfani da shi.

Ban ce kada a taɓa cirewa ba. Akwai lokacin da barin tsohon dandamali shi ne cutarwa, kamar idan kwalin ya sha laimar damina ya lanƙwashe har sojoji suna karo da juna, ko gara ta shige shi, ko kuma, wanda ya fi kowanne muni, idan an ga wani farin gari mai kama da toka yana fitowa a ƙafafun sojan. Wannan ruɓewar dalma ce. Wasu nau'o'in katako da kwali da gam suna fitar da tururi mai tsami irin na ruwan khal, wanda idan ya haɗu da laima a cikin rufaffen akwati sai ya riƙa cin dalmar a hankali yana mai da ita gari, kuma da yake ƙafafu ne suka fi kusa da katakon da gam ɗin, daga nan ɓarnar takan fara. Soja irin wannan dole a raba shi da abin da ke cinsa, a kuma fitar da sauran daga wancan akwati, domin abin da ya kama ɗaya yana nan yana jiran saura.

Idan cirewa ta wajaba, a fara da ɗaukar hoton sojan ta gaba da baya da ƙarƙashi, sannan a zauna a gane irin gam ɗin da aka yi amfani da shi, domin kowane gam da maganinsa. Farin gam na kafintoci shi ne mafi sauƙi, kuma shi aka fi samu a dandamalin kwali: a zuba ruwa mai ɗumi a faranti, ya rufe dandamalin kawai ba tare da ya hau ƙafafun sojan ba, a bar shi ya kwana, da safe kwalin zai yi laushi ya saɓule da kansa, sai a share ragowar da tsinken sakace. Gam ɗin masu gyaran takalmi yana da danƙo kamar roba, ana zura siririyar reza a kwance tsakanin ƙarfe da dandamali ana yanka shi kaɗan-kaɗan, bakin rezar yana fuskantar waje, ba wajen yatsu ba. Sufa-gulu kuwa sanyi ne maganinsa, domin idan ya daskare yakan yi gautsi: a ɗaure sojan cikin leda a sa a firiza ya kwana, wanda ba shi da tabbacin wuta ya kai wa mai sayar da ƙanƙara ya binne masa ledar a tsakanin ƙanƙarar, da fitowa a lanƙwasa dandamalin, ba sojan ba, sau da yawa za a ji ya yi ƙas ya saki. Bayan haka a bar sojan a iska ya bushe sarai, don raɓar da za ta kwanta masa. Ruwan goge jan farce, wato asiton, shi ma yana narkar da sufa-gulu, amma yana cin fenti, yana kuma narkar da roba, don haka ba a kusantar da shi ga sojan roba ko kaɗan, a na ƙarfe ma da ɗan tsinken auduga ake ɗiga shi ta ƙarƙashi, a fili, nesa da wuta. Araldite da ire-irensa ba su jin ruwa, sanyi ma kaɗan suke ji, sai haƙuri da sassaƙa. Sojan roba da aka manna a dandamalin roba da gam ɗin da ke narkar da su ya haɗe su kuwa sun riga sun zama abu ɗaya, babu ruwan da zai raba su, sai dai a yanka da siririn zarto irin na maƙeran fari, a bar ɗan siririn tsohon dandamalin a tafin ƙafar ya zama kamar takalmi.

A duk waɗannan hanyoyi ƙa'ida ɗaya ce ba ta sauyawa, kuma ita ce ɗan maƙwabcina bai sani ba: dandamali ake cirewa daga jikin soja, ba a cire soja daga jikin dandamali. Ma'ana, abin da aka yarda a yi asararsa shi ake wa ƙarfi. A naɗe sojan da tsumma mai laushi a riƙe shi a tafin hannu ba tare da matsi ba, a ɗauki filaya mai yanka a fara gutsurar dandamalin daga baki, ɗan kaɗan ta nan, ɗan kaɗan ta can, ana zagayawa ana matsowa wajen ƙafafu, har ya rage ɗan abin da ke manne da tafin. Idan mai harshe ne, a juya dandamalin a yanka robar ta ƙarshen tsagar nan biyu, za ta buɗe kamar ɓawon gyaɗa, harshen ya fito lafiya da rubutunsa. Ba a murɗawa, ba a jijjigawa gaba da baya, domin dalma ba ta yin ƙara kafin ta karye, lanƙwasa biyu ko uku sun isa su raba ta. Dawaki sun fi kowa haɗari, musamman wanda ya ɗaga ƙafafun gaba yana tsaye da na baya kamar dokin hawan sallah a gaban fada, don nauyinsa da na mahayinsa duk a kan sirara biyu suke. Idan tsohon dandamalin yana da rubutu a ƙarƙashi, a yi ƙoƙarin ɓare wannan fallen a ajiye a ambulan.

Wuta kuwa kada a kusance ta. Wannan shi ne darasin da na saya da tsada. Shekarun baya ina da wani mahayi mai mashi da aka kafe da Araldite a kan farantin ƙarfe, na gaji da sassaƙa, na kai wa wani mai gyaran rediyo na roƙe shi ya ɗan ɗumama ƙarfen da abin liƙinsa don gam ɗin ya saki. Bai yi daƙiƙa goma da ɗora shi ba na ga kofaton dokin ya yi sheƙi, ya zama ɗigo, dokin ya durƙusa a kan teburin. Laifin nawa ne da na nema, domin dalma zalla tana narkewa a digiri 327, idan kuma aka gauraya ta da kuza takan narke ƙasa da haka sosai, har wani gaurayen a digiri 183, wato irin dalmar da shi mai gyaran yake narkarwa kullum da wannan ƙarfen. Har yau dokin yana wurina da ƙafa uku da rabi.

Malam Edita, akwai wani ɓangare na wannan magana da ya fi darajar kowane soja, shi ne lafiyar yaranmu. Mu a Arewa ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan gubar dalma, domin ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum saboda ƙurar duwatsun zinariya masu dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara da masu juna biyu sun fi kowa shiga haɗari. Saboda wannan ne kamfanin Britain ya daina zuba sojojin dalma na wasan yara a 1966, da yawa daga cikin masu ƙera sojojin wasan yaƙi kuma suka koma ƙarfe marar dalma a shekarun 1990. Duk sojan ƙarfe da ya girmi wannan lokaci a ɗauka yana da dalma. Riƙe shi da fentinsa ba shi ne babban abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne ƙurar da ke tashi idan aka goge shi da sanfefa ko magagari, da farin garin ruɓewar nan da na ambata. Kada a yi wannan aiki a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ko kusa da madafa, ko a kan tabarmar da ake cin abinci. A shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takarda ta tare duk abin da ya zuba, a jiƙa magagarin kafin a goga, kada a hure ƙura da baki, kada a ci goro ko wani abu ana cikin aikin, idan an gama a naɗe takardar a ɗaure a leda, a wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce. Kuma waɗannan sojoji ba kayan wasan ƙananan yara ba ne, a ajiye su inda hannunsu ba ya kaiwa.

Wajen sa sabon dandamali, ina bin ƙa'idar masu adana kayan tarihi, wato kada ka yi wa tsohon abu gyaran da na bayanka ba zai iya warwarewa ba. Su suna amfani da wani gam mai suna Paraloid B-72, wanda asiton ke narkarwa ko bayan shekaru. Wanda bai same shi ba ya sa ɗigon sufa-gulu ɗaya tak, kada ya yi wa ƙafafun wanka da shi. Na fi son dandamalin roba ko woshar ƙarfe irin ta kasuwar Kofar Ruwa a kan na katako, saboda ba su fitar da tururin nan mai tsami, gara ba ta cinsu, wosha kuma tana ba soja nauyi a ƙasa, tana kama maganaɗisu idan an shimfiɗa shi a cikin akwati, sojoji ba sa gwaruwa a hanya. Sai dai a shafa mata fenti ta kowane gefe don tsatsa. Idan harshen ƙarfen bai shiga sabon dandamali ba, a faɗaɗa tsagar, kada a taɓa harshen. Wanda ya riga ya karye a idon sawu kuma gam kaɗai ba ya riƙe shi, sai an huda ƙafar ta sama da ta ƙasa da ɗan abin huji na hannu mai kaurin milimita ɗaya ko ƙasa da haka, a zura guntuwar waya ta zama ƙashi a ciki, sannan a manna. Aiki ne na natsuwa da hasken safiya, ba a yinsa da injin wuta.

Ƙasar da ake shimfiɗawa a kan dandamali ma tana da magana. Na ga matasa suna wahalar neman koriyar ciyawar roba daga waje, alhali yashin Challawa da jar ƙasarmu, idan aka wanke su aka shanya aka tankaɗe da rariya, sun fi ta kyau da dacewa, musamman ga wanda yake son ya kwatanta yaƙin Kwatarkwashi ko na Burmi na 1903, ko wani yaƙi na ƙasar Hausa. Da farin gam ake manna yashin, amma kada a bar shi ya taɓa dalmar da ba ta da fenti, kuma a bar aikin a sarari kwanaki ya bushe ƙarau kafin a rufe shi a akwati. A ƙarƙashin sabon dandamalin a rubuta abin da aka gani a tsohon, da shekarar da aka sauya. Akwatin ajiya ya zama na roba ko ƙarfe, a riƙa buɗe shi yana shan iska, musamman a watan Agusta, kuma kada a bar shi a ƙarƙashin kwanon rufi ko cikin mota lokacin bazara, don sojan roba yana lanƙwashewa a zafin Kano.

Ina roƙonka, Malam Edita, idan da hali, jaridarku ta ware shafi ta buga wannan bayani da hotuna, domin matasanmu da Turanci kawai suke samunsa, kuma yawancinsa an rubuta shi ne don ƙasashen da ba su san hunturu da bazara irin namu ba. Ina kuma kira ga iyalan tsofaffin ma'aikatan reluwe da kamfanonin ciniki da na soja, a Fagge da Sabon Gari da Nassarawa da cikin gari, idan sun ci karo da irin gwangwanin mahaifina a cikin kayan gado, kada su miƙa wa 'yan gwangwan a auna a kilo a narkar, kada kuma su ba yara. Su ɗauki hoton sojojin ta ƙarƙashi su turo ta hannun wannan jarida, ni a shirye nake in duba in faɗi abin da na gane ba tare da karɓar ko kwabo ba. Game da sha ɗayan nan na ɗan maƙwabcina, mun yi asabar huɗu muna zama a zaurena, shi yana huji ni ina riƙe masa madubi, takwas sun tashi tsaye da waya a ƙafafunsu, uku kuwa dalmarsu ta yi sirantar da ba ta ɗaukar huji, suna nan a ambulan tare da harsunan da muka tsinto.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Tsohon malamin tarihi,
Daga cikin birnin Kano.